AI a aikin agaji: idan na'ura ta cire sunan mabuƙaci, wa za a tambaya?

Ummu_Hanifa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya kuma ina so masu aikin jin ƙai da masu harkar kwamfuta na zauren nan duk su sa baki. Yanzu duk taron ƙungiyoyin agaji da aka shiga maganar ɗaya ce, AI, AI, wato manhajar kwamfuta mai koyo daga bayanai tana kwaikwayon basirar ɗan'adam. Kuɗi sun ragu, ma'aikata sun ragu, mabuƙata kuma sai ƙaruwa suke, to sai ake cewa a bar na'ura ta taya mu tantance wanda ya fi cancanta, ta yi fassara, ta amsa saƙonnin mutane, ta yi hasashen inda bala'i zai faɗa. Ni ban ƙi ci gaba ba. Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne, idan manhaja ta duba bayanan wata mata mai riƙe da marayu ta ce ba ta cikin waɗanda za a ba tallafi, alhali kuskure ne, wa matar nan za ta je ta samu? Wanda ya rubuta manhajar yana wata ƙasa, wanda ya biya kuɗinta yana wata ƙasa, ma'aikacin da ke tsaye a gabanta shi kansa bai san dalilin cire ta ba. A ganina duk abin da ya shafi a ba wane a hana wane, kada a bar shi a hannun AI sam. Me kuka gani?

Abban_Nana
Wa alaikumus salam. Wlh kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mai jin yunwa ba abin gwaji ba ne.

InjiniyaBash
Malama Ummu na fahimce ki, amma ki yi haƙuri, kamar kin ɗauka cewa kafin zuwan AI adalci ake yi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen rubuta sunaye ya san yadda abin yake tafiya, mai riƙe da biro ya fara sa danginsa, sai na abokinsa, sai na wanda ya aiko shi, wanda ba shi da kowa kuma ya sha rana ya koma gida hannu rabbana. Ita ma waccan matar da kika ambata, a tsohon tsari wa take zuwa ta samu?

Ku duba abin da aka yi a Togo a 2020 lokacin korona, shirin da ake kira Novissi. Gwamnati tana so ta raba kuɗi ga talakawan karkara da gaggawa amma ba ta da cikakkiyar rajistar talakawa, kuma ba damar aika mutane gida-gida ana tsakiyar annoba. Sai suka haɗa kai da ƙungiyar GiveDirectly da masu bincike na jami'ar Berkeley ta Amurka. Da farko aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam aka gano yankunan da suka fi talauci, sannan aka koya wa na'ura ta riƙa duba yadda mutum yake amfani da wayarsa, yawan kiransa, tsawon kiran, yadda yake tura kuɗi ta waya, ta ƙiyasta halin da yake ciki. Kuɗin kuma kai tsaye suke shiga waya ba ɗan tsakiya. Binciken da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna hanyar nan ta rage tsallake waɗanda suka cancanta da kashi 4 zuwa 21 cikin 100 in aka kwatanta da zaɓe ta yanki kawai da gwamnati ke shirin yi. To waɗannan mutanen da aka samu saboda na'ura fa, ba haƙƙinsu ba ne shi ma?

Ɗan_Lissafi
Injiniya ka karanto rabi ka bar rabi. Shi wannan binciken dai ya ce in da akwai cikakkiyar rajista ta gida-gida, hanyar waya ta fi ta kuskure da kashi 9 zuwa 35. Wato su kansu masu binciken ba su ce ta fi komai ba, cewa suka yi ta fi abin da ke hannu a lokacin. Sannan babbar matsalar, wanda ba shi da waya kwata-kwata na'urar ba ta ma san yana duniya ba, kuma su wa ye marasa waya? Tsofaffi, mata, waɗanda suka fi kowa talauci. Gidan da mutum biyar suke amfani da layi ɗaya kuma sai ta ɗauke su mutum ɗaya mai yawan kira.

InjiniyaBash
Ban musa ba. Amma rajistar da babu ita ba ta ciyar da kowa. Da babu gara ba daɗi.

Hajiya_Tallafi
Ni bari in kawo muku ɗaya ɓangaren. A Jordan an ƙaddamar da shirin tallafin kuɗi mai suna Takaful wanda Bankin Duniya ya zuba wa kuɗi, manhaja ce take jera iyalai daga wanda ya fi talauci zuwa ƙasa ta hanyar ma'aunai 57, a ciki har da yawan wuta da ruwan da gida yake sha da kuma ko suna da mota. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kai a 2023, abin da suka gano shi ne ma'aunan ba sa kama yadda talauci yake a zahiri. Mutum yana da tsohuwar mota da ita yake neman abin da za a ci, manhaja ta lissafa ta a matsayin dukiya. Gida yana shan wuta da yawa saboda mutane sun cushe a ciki, sai a ɗauka wadata ce. Kuma mutanen da yawa ba su san me ya jawo aka ajiye su ba balle su yi gyara. Wannan shi ne ainihin abin da Ummu take tsoro.

InjiniyaBash
Hajiya wannan fa ba AI ba ne a ma'anar da muke magana, lissafi ne na ma'auni da mutane suka zauna suka tsara da hannunsu. In ma akwai laifi na waɗanda suka zaɓi ma'aunan ne.

Hajiya_Tallafi
Ɗana, a wajen matar da aka hana duk ɗaya ne, an ce mata kwamfuta ce ta cire ki. Kuma in har lissafin da mutum ya tsara da hannunsa an kasa yi wa talaka bayaninsa, ina ga wanda na'ura ta koya da kanta, wanda ku injiniyoyin ma sai kun sha wahala kafin ku ce ga dalilin da ya sa ta yanke kaza?

sani_mk
gsky ni inaga matsalar ba AI bace matsalar mutane ce, duk abinda ka bashi shi zai maido maka, in ka bashi bayanan son kai son kai zai koya

Kawu_Ɗanladi
Kuna ta maganar wa za a zaɓa, ni abin da ya fi damuna shi ne abin da ake karɓa daga hannun mutane kafin a zaɓe su. Na daɗe a aikin rajista a sansani. Mutum ya gudo da yaransa, ya kwana biyu bai ci ba, ka ɗora masa takarda ka ce in ya yarda a ɗauki zanen yatsunsa da hoton ƙwayar idonsa ya dangwala a nan. Wa ka taɓa gani ya ce a'a? Ni ban taɓa gani ba. Muna rubuta cewa ya amince, amma ni da shi mun san ba zaɓi aka ba shi ba. Kuma yatsa ba lambar sirri ba ce da za ka canza in an sace.

Ku tuna abin da ya faru da 'yan Rohingya. A watan Yunin 2021 Human Rights Watch ta ce hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta tattara bayanansu a Bangaladash, har da hotuna da zanen yatsu, ta raba da gwamnatin ƙasar, ita kuma gwamnatin ta miƙa sunaye aƙalla 830,000 ga Myanmar don tantance masu komawa. Myanmar fa, ƙasar da sojojinta suka koro su a 2017. Da yawa cikin waɗanda aka yi hira da su sun ce su a saninsu rajistar ta samun katin tallafi ce. UNHCR ta musanta, ta ce ta yi bayani kuma ta nemi izini. To ko da an nema, tambayata ita ce mai neman abinci yana da bakin ƙin yarda?

Gimbiya22
Kawu ka tuna min da na Red Cross. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na duniya, ICRC, ta sanar cewa an yi mata kutse an taɓa bayanan mutum sama da 515,000, kuma waɗanne mutane? Waɗanda yaƙi da ƙaura suka raba da iyalansu, da masu neman 'yan'uwansu da suka ɓata, da waɗanda ke tsare. Sai da suka rufe tsarin haɗa iyalai na wani lokaci. Kuma ICRC na cikin waɗanda suka fi kowa taka-tsantsan a harkar nan, su ne ma suka rubuta littafin jagora kan kare bayanai a aikin jin ƙai. In an shiga nasu, ƙaramar ƙungiya mai kwamfuta biyu fa?

Abban_Nana
Ga kuma Afganistan a 2021, na'urorin ɗaukar yatsa da ido da sojojin Amurka suka bari sun faɗa hannun Taliban. Wanda ka tara wa bayanai yau ba lallai shi ne zai riƙe su gobe ba.

InjiniyaBash
Jama'a mun fara kauce hanya fa. Duk waɗannan maganar adana bayanai ce, ba AI ba. Kuma in za a faɗi illar ɗaukar yatsa a faɗi amfaninsa. A Uganda a 2018 da aka sake tantance 'yan gudun hijira da yatsa, adadin ya sauko daga kusan miliyan 1.4 zuwa kusan miliyan 1.1. Abincin mutum wajen 300,000 da babu su, ina yake tafiya a da?

Kawu_Ɗanladi
Ba mu kauce ba Injiniya. AI da me take rayuwa in ba bayanai ba? Tun da aka fara maganarta fom ɗin rajista yake ƙara tsawo, ana tambayar abubuwan da ba ruwansu da rabon abinci, in ka ce don me sai a ce wata rana za su yi amfani. Wannan wata ranar ce nake tsoro. Maganar Uganda kuma gaskiya ce, amma ka lura, ba 'yan gudun hijira ne suka ƙirƙiro sunayen bogi ba, masu riƙe da rajista ne, sai kuma aka ɗora maganin a jikin talaka. Ka je ka karanta labarin 'yan Kenya da iyayensu suka yi musu rajista a sansanin Dadaab suna yara lokacin fari don su samu abinci, dubbai daga cikinsu sun girma an hana su katin ɗan ƙasa shekara da shekaru saboda yatsunsu na cikin rumbun 'yan gudun hijira. Abincin an cinye tun tuni, yatsan yana nan.

Mai_Taswira
Salam. Na biyo muhawarar tun daga sama, ina so in raba abu biyu don kar a yi wa AI kuɗin goro. Akwai AI da take duba mutum, akwai wadda take duba ƙasa da ruwa da gine-gine. Ta biyun ita ce aikina kuma wlh tana ceton rai.

Girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutum sama da 50,000, garuruwa da yawa a lokaci guda. Da ido za ka bi hotunan tauraron ɗan'adam gini bayan gini, sai ka yi makonni, alhali wanda gini ya danne kwanakin farko ne damarsa. Na'ura tana kwatanta hoton kafin da na bayan cikin sa'o'i ta nuna unguwannin da suka fi rushewa, masu ceto su san inda za su fara. Haka ambaliya. Flood Hub na Google yana ba da hasashen cikar koguna har kwana 7 gaba, a ƙasashe da dama da ba su da isassun na'urorin auna ruwa. Kuma an ga amfanin yin abu kafin ruwa ya iso, a Bangaladash a Yulin 2020 asusun gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya, CERF, ya saki dala miliyan 5.2 cikin sa'o'i kaɗan da hasashe ya nuna babbar ambaliya na tafe, mutane suka samu kuɗi a hannu suka kwashe dabbobi da kaya kafin ruwan ya kai ƙololuwa. Aikin agaji ya daɗe yana ihu bayan hari, wannan ne karon da muka samu damar riga harin.

Amma ko a nan ba na yarda a tura mota bisa taswirar na'ura kaɗai. Tauraro daga sama yake kallo, ginin da benayensa suka zube rufin ya zauna a kai daram sai ta ce lafiya lau yake. Gajimare yana rufe hoto. Kuma yawancin hotunan da aka koyar da ita na gidajen siminti ne, in ta zo kan gidan ƙasa ko bukka ko tanti sai ta rikice, wani lokaci ma ba ta ƙirga su a gida. Wato unguwar talakawa ce ta fi saurin ɓacewa daga taswira. Don haka dole a samu wanda yake wurin ya tabbatar.

Ɗan_Lissafi
Mai_Taswira ƙaramin gyara, hasashen da aka yi amfani da shi a Bangaladash na masana ruwa da yanayi ne irin na da, ba AI ce ta yi shi ba. Amma maganarka tana nan, tsarin sakin kuɗi kafin bala'i shi ne ake so AI ta ƙara wa kaifi. Sai dai a shirya wa ranar da hasashe zai ce ruwa zai zo bai zo ba, ko ya ce ba zai zo ba ya zo. Na farko kuɗi ne aka raba wa talakawa ba a yi asara ba, na biyun ne bala'i.

Tafinta_Rabi
Ni ta ɓangaren harshe zan shigo. Ƙungiyoyi da yawa yanzu suna son sa manhajar hira ta riƙa amsa tambayoyin mutane a waya, ina asibiti, yaushe rabo, wace takarda ake buƙata a kan iyaka. Tunanin yana da kyau don ma'aikata ba sa iya amsa dubban saƙonni. Amma mutanen da bala'i ya fi faɗa wa yawanci harsunansu ne ba su da rubutu da yawa a intanet, da yawansu ma ba rubutu suke yi ba murya suke turowa, da karin harshen ƙauyensu, cikin kuka ko firgici. Na'ura tana kamawa tsaf in Ingilishi ne ko Faransanci, in ta zo kan waɗannan sai ta yi ta cika gibi da abin da ta ga dama, kuma ba za ta ce ban gane ba, da cikakken ƙarfin gwiwa za ta ba da amsa. Ku tuna Bafalasɗinen nan da 'yan sandan Isra'ila suka kama a 2017 saboda fassarar Facebook ta mai da gaisuwar safiyarsa kiran kai hari. Yanzu ku ɗauka saƙon mace ce mai naƙuda jini yana zuba, manhaja ta jefa shi cikin jerin tambayoyin da ba na gaggawa ba. Ko ta gaya wa mai gudun hijira hanya kaza a buɗe take alhali an rufe ta jiya. Ni sharaɗina, duk abin da ya shafi lafiya, tsaro ko shari'a, sai ɗan harshen ya gani, kuma a gaya wa mutum tun farko cewa da na'ura yake magana, a ba shi hanyar da zai ce a haɗa ni da mutum.

zahra_u
Anty Rabi Allah ya saka da alheri. wannan na karshen yafi komai, mutane da yawa basu san ba mutum bane yake amsa musu suna ta bude masa sirrinsu

Gimbiya22
Tunda an zo nan bari in faɗi wanda yake faruwa kullum a ofisoshinmu ba wanda yake magana. Ba sai ƙungiya ta sayi wata babbar manhaja ba, ma'aikata da kansu suna kwafe rahoto su zuba a manhajojin hira na kyauta don a gyara musu Turanci ko a taƙaita musu. Na ga wanda ya zuba bayanan wata da aka ci zarafinta, da sunanta da shekarunta da ɓangaren sansanin da take, don kawai yana sauri ya tura rahoto kafin a tashi. Ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da ya zuba ya fita daga hannun ƙungiya ya tafi kwamfutar wani kamfani. Muna nan muna muhawarar manyan tsare-tsare, ɓarakar tana ƙarƙashin teburinmu.

Malam_Nura
Innalillahi. Wannan cin amana ne ko da ba da niyya ba. Sirrin da mutum ya ba ka yana cikin rauni ya fi kowane sirri nauyi. Kuma ina ganin amsar tambayar Malama Ummu tana nan, alhaki ba ya hawa kan ƙarfe. Wanda ya karɓi amanar rabo shi za a tambaya, a nan da gobe ƙiyama, ko da me ya yi amfani wajen rabon.

Abban_Nana
Wani abin kuma da ban ji an taɓo ba shi ne su wa muke ba aikin. A 2019 Hukumar Abinci ta Duniya WFP ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta dala miliyan 45 da Palantir, kamfanin da aka sani da yi wa sojoji da hukumomin leƙen asirin Amurka aiki. WFP ta ce don tsara jigilar kaya ne da rage kashe kuɗi kuma ba za a ba su bayanan masu karɓar tallafi ba, amma ƙungiyoyi da yawa sun yi ca a kai. Dalili, jarin ma'aikacin agaji a fagen yaƙi shi ne kowane ɓangare ya yarda ba ya tare da kowa. Ranar da masu bindiga suka fara zargin cewa kwamfutarka tana magana da abokan gabarsu, an rufe maka hanya, kuma mai jin yunwa ne zai biya. A Yaman a 2019 saɓani kan rajistar yatsa da 'yan Houthi sai da ya kai WFP ta dakatar da wani ɓangare na rabon abinci a Sanaa.

sani_mk
toh amma a yaman ai karkatar da abincin akeyi shiyasa suka dage akan yatsa, ya kake so suyi

Abban_Nana
Ban ce ba su da hujja ba Sani. Cewa nake bayanan mutane sun zama abin da ake ja-in-ja a kai a yaƙi, don haka wanda zai tara su ya san me ya ɗauko.

Dr_Maryama
Akwai ƙa'idoji fa, ba a duhu ake ba. Kwamitin da ke haɗa manyan hukumomin agaji, IASC, ya fitar da jagora kan riƙon bayanai a 2021. UNESCO ta amince da shawarwari kan ɗa'ar AI a Nuwamban 2021, ƙasashe 193 suka yarda da su. Cibiyar bayanai ta OCHA, ofishin tsara ayyukan jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da tsarin da masana ke duba manhajar hasashe kafin a dogara da ita. Kusan duka abu ɗaya suke nanatawa, kada a karɓi bayanin da ba a buƙata, a auna illa kafin a fara, a gwada ko na'urar tana nuna bambanci, kuma hukuncin ƙarshe ya zama na mutum. Maganar bambanci ba zato ba ne, binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya gwada manhajojin duba fuska na manyan kamfanoni, kuskure a kan maza farare bai kai kashi 1 ba, a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Ko na'urar yatsa ma tana yawan ƙin karanta hannun tsofaffi da masu aikin ƙarfi saboda zanen ya goge.

Ɗan_Lissafi
Dakta wannan "hukuncin ƙarshe na mutum ne" shi ne na fi shakka a duk cikinsu. A takarda yana da daɗi. A aikace ma'aikaci ɗaya ne aka ajiye wa sunaye dubbai ya amince da su kafin yamma, bai san mutanen ba, bai san yadda na'urar ta yi lissafi ba, in ya saɓa mata sai ya rubuta dalili, in ya bi ta ba mai tambayarsa. Me kuke tsammani zai yi? Zai danna ne kawai. Sai a samu sunan mutum a kan hukuncin da ba shi ya yanke ba, ranar da abu ya ɓaci kuma shi za a miƙa. A Holan, ƙasa mai kotuna da jaridu da lauyoyi, tsarin gano masu zamba a tallafin kula da yara ya yi wa dubban iyalai ƙazafi, yawanci masu asali daga waje, shekaru ana yi kafin a farga, har gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021. Can ma akwai mutane a kan kujerun.

Ummu_Hanifa
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Mai_Taswira na yarda da rabewar da ka yi, duba kogi da gini daban, yanke wa mutum hukunci daban, kuma tun farko a kan na biyun nake. Injiniya, tambayarka ta wa matar take samu a tsohon tsari, amsar ita ce tana samun mai biron. Ta san fuskarsa, ta san wanda zai iya yi masa magana, tana iya tsayawa a gabansa ta ɗaga murya har jama'a su taru. Ba adalci ba ne cikakke amma akwai ƙofa. Abin da nake gani yanzu shi ne ana kashe kuɗi a kan manhaja ba a ware ko kwabo don teburin ƙorafi ba. Ni in za a yi, to a gaya mata da harshenta dalilin da ya sa ba ta shiga ba, a samu mutum mai ikon soke abin da na'ura ta ce ba sai ya nemi izini daga hedikwata ba, a sa wa'adin amsa don yunwa ba ta jira, kuma a riƙa ƙirga sau nawa na'urar ta yi kuskure a faɗa wa mutanen da abin ya shafa. In ba a shirya yin waɗannan ba ina nan a kan bakana.

InjiniyaBash
To a nan mun kusa haɗuwa. Ga shawara, a bar AI ta riƙa ƙara suna amma kada a ba ta ikon cire suna. Ta nemo waɗanda aka tsallake, cirewa kuma sai mutum ya je ya gani da idonsa.

Ɗan_Lissafi
Da buhunan ba su da iyaka da wannan ya yi. Amma a 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi kusan dala biliyan 47 don taimakon mutum wajen miliyan 190, da kuɗi suka ƙi zuwa bayan Amurka da wasu sun janye hannu, a watan Yuni aka zaftare zuwa biliyan 29 don mutum miliyan 114. In kana da buhu dubu, duk sunan da aka ƙara a sama wani ne ya faɗo daga ƙasa. Ƙarawar ita ce cirewar, sai dai ba a ga hannun da ya yi ba.

Hajiya_Tallafi
Shi ya sa nake cewa a zaunar da mutanen tun kafin a tsara ma'aunin. Su suka san wa ke kwana da yunwa a cikinsu, kuma in ka karanta musu jerin da na'ura ta fitar a bainar jama'a nan take za su ce wane yana da hali, wance kuma kun manta ta.

Kawu_Ɗanladi
Hajiya karanta jerin a bainar jama'a yana aiki a inda ake zaman lafiya. A inda ake rikici sanar da wanda ya karɓi kuɗi tamkar nuna shi ne ga masu ƙwace, kuma akwai waɗanda dalilin shigarsu jerin ma sirri ne, kamar masu wata cuta ko waɗanda aka ci zarafinsu. Sai an duba wuri.

Gimbiya22
Wani ya taimaka min da wannan don Allah, muna gab da sa hannu da wani kamfani. Idan aiki ya ƙare aka ce su goge bayanan mutanenmu, manhajar da suka riga suka koyar da bayanan fa, ita ma za a goge ta ne ko tasu ce?

InjiniyaBash
In ba ku rubuta a yarjejeniya ba tasu ce, kuma goge fayil ba ya cire abin da ta riga ta koya. Ku sa a rubuce cewa ba za su koyar da wata manhaja da bayananku ba sai ta aikinku, ba za su miƙa wa wani kamfani ko gwamnati ba tare da saninku ba, ku san a wace ƙasa kwamfutocin da za su ajiye bayanan suke don dokar can ce za ta hau kansu, sannan ku nemi damar turo wanda zai bincika ya tabbatar an goge. In suka ƙi ko ɗaya daga ciki ki dawo nan ki faɗa mana wanne ne kafin ku sa hannu.